Barcin Maƙwabci da Sifikar Falo: Cutarwar da Ba Ma Lissafawa



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da amincinsa su tabbata ga Annabinmu Muhammad (S.A.W) da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, darasinmu na yau wata tambaya ce ta haifar da shi. Talatar makon jiya bayan sallar Isha'i, jama'a sun watse, sai na lura wani bawan Allah yana zaune a sahun baya bai tashi ba. Na san shi, direban motar haya ne tsakanin Kano da Abuja, kuma ya girme ni da kusan shekara 15. Ya matso muka gaisa, ya yi jim, sannan ya ce: "Malam, tambaya gare ni, amma kunyarta nake ji. Ya halatta mutum ya kai ƙarar maƙwabcinsa wajen Allah a cikin sujada? Ina nufin ya roƙa masa abin da ba alheri ba."

Na ce, "Subhanallah! Alhaji, me ya yi zafi haka?"

Ga abin da ya faɗa mini, kuma sai da na nemi izininsa kafin in rubuta. A gidan haya suke, ciki da falo, katanga ɗaya ce tsakaninsa da wani matashi da ya yi aure wata 4 da suka wuce. A cikin kayan ɗakin amarya akwai babbar talabijin da sifiku, har da akwatin nan mai nauyi da ake ajiyewa a ƙasa. Wutar unguwarsu galibi sai ƙarfe 11 na dare ake kawo ta. Da an kawo, sai fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa, waƙa da faɗa da harbe-harbe, har ƙarfe 2. Shi kuwa da ya idar da Asuba tasha yake wucewa. Mahaifiyarsa tsohuwa ce mai hawan jini, a falo take kwana, katifarta jingine da wannan katangar.

Ya ce, "Malam, ran Asabar bayan na wuce Zariya ban san lokacin da idona ya rufe ba. Salatin fasinjoji ne ya dawo da ni. Ga mata ga yara a motar."

Na ce ka yi masa magana? Ya ce sau ɗaya ya bubbuga katanga, aka rage na ɗan lokaci, aka sake komawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na san yaron. A bayana yake sallah. Mai gaisuwa ne, in ana aikin masallaci yana cikin masu ɗaukar bulo. Da za ka tare shi ka ce, wane, kana cutar da maƙwabcinka, rantsuwa zai yi maka bai taɓa ba, kuma a zuciyarsa gaskiya yake faɗa. Mu a wajenmu cutar da maƙwabci ita ce ka sako masa ruwan kwata ƙofar gida, ko ka ci masa iyaka, ko ka leƙa masa iyali. Ƙara ba ta cikin lissafinmu sam.

Kafin mu yi nisa bari mu raba mas'aloli biyu da ake yawan cakuɗawa. Duk sanda aka tayar da wannan magana sai a koma gardama kan hukuncin kiɗa. Wancan bahasi ne daban, kuma tsoho ne: jumhurin malamai, har da mazhabobin nan 4, sun tafi a kan hana kayan kiɗa in ban da duffi, wato irin bandiri, a wurin biki, Ibnu Hazm da wasu kaɗan suka saɓa musu. Ni da jumhur nake. Amma ba shi ya tara mu yau ba. In muka rataya maganar a wuyan kiɗa kaɗai, mai kallon labarai zai ce ba da shi ake ba, mai kallon ƙwallo ma haka, mai sauraron wa'azi kuwa har lada zai ɗauka yana kwasa. Alhali tsohuwar nan ba ruwanta da abin da yake fitowa daga akwatin, ita dai an hana ta barci. Wanda ya kunna haram ya ƙure sauti ya haɗa laifi biyu, ɗaya tsakaninsa da Ubangijinsa, ɗaya tsakaninsa da bayin Allah. Wanda ya kunna halal ya ƙure, na biyun yana nan a kansa. Na biyun kuma shi ne mai wuyar sha'ani, domin haƙƙin bawa ne, istigfari kaɗai ba ya sauke shi sai mai shi ya yafe.

To mu duba nassi. A Suratun Nisa'i aya ta 36, bayan umarni da tauhidi da kyautata wa iyaye da dangi da marayu da miskinai, Allah ya ambaci maƙwabci har kashi biyu, na kusa da na nesa. Malaman tafsiri sun shigar da wanda ba danginka ba, har da wanda ba Musulmi ba. Abdullahi ɗan Amr (R.A) da aka yanka akuya a gidansa, tambayar da ya riƙa yi ita ce ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude. Saboda haka duk abin da za mu faɗa a nan ya haɗa da maƙwabcinka Kirista. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha da Ibnu Umar (R.A) cewa Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi (S.A.W) wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a sa shi cikin magada. Wannan kowa ya haddace shi.

Wanda nake so mu tsaya a kai shi ne hadisin Abu Shuraih a Buhari, inda Annabi (S.A.W) ya rantse sau 3 yana kore imani daga wanda maƙwabcinsa bai aminta daga sharrinsa ba. Ku lura da abin da aka ɗaura hukuncin a kai: aminci. Wato ya kwanta hankalinsa kwance ta ɓangarenka. Yanzu mutumin da in ya ji yaran unguwa sun yi ihun an kawo wuta gabansa yake faɗuwa, saboda ya san barcinsa ya ƙare, ku gaya mini, wannan ya aminta?

Akwai wani hadisi a Muslim da nake jin kunya duk sanda na karanta shi. Miƙdad ɗan Aswad (R.A) da abokansa biyu sun zauna a wajen Annabi (S.A.W) lokacin da yunwa ta galabaitar da su. Miƙdad ya ba da labarin cewa in Annabi ya shigo da dare, yakan yi sallama da muryar da wanda yake farke zai ji, amma ba za ta tashi mai barci ba. Sallama fa, wadda ibada ce. Daga bakin wanda babu muryar da ta kai tasa daraja. Ga mutanen da shi ne yake ciyar da su. Duk da haka ya auna ta saboda barcin baƙinsa.

Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri (R.A) cewa Annabi (S.A.W) yana i'itikafi a masallaci sai ya ji mutane suna ɗaga murya da karatu. Ya yaye labule, ya tunatar da su cewa kowannensu da Ubangijinsa yake ganawa, ya hana su cutar da juna, ya hana wani ya ɗaga muryarsa a kan ta wani wajen karatu. Imamu Malik ya kawo makamancinsa a Muwaɗɗa. Nan Alƙur'ani ake karantawa, a masallaci, amma aka kira ɗaga muryar cutarwa. Haka nan daren da ya wuce ta wajen Abubakar yana sallah a hankali, ya wuce ta wajen Umar yana ɗagawa, da ya haɗu da su sai ya ce wa Abubakar ya ɗan ɗaga, ya ce wa Umar ya ɗan sassauta. Wasiyyar Luƙman ga ɗansa a aya ta 19 kuwa kun san ta, da dabbar da aka buga misali da ita.

Wani zai ce, Malam, ai gidana ne, da kuɗina na sayi kayana. Wannan hujjar malaman fiƙihu sun gama da ita tun da daɗewa. Ƙa'idar da suka gina a kai ita ce hadisin da ya hana cuta ya kuma hana ramuwar cuta, shi ne na 32 a Arba'una ta Imamu Nawawi. Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim, mutumin Garnaɗa wanda ya rasu a shekara ta 829 bayan Hijira, littafin da alƙalanmu suka daɗe suna aiki da shi, tana da fasali a kan cutarwa. A can ya tabbatar da cewa duk wanda ya ƙirƙiro abin da cutarwarsa ga maƙwabci ta tabbata, hana shi ake yi, ya ba da misali da tanderu da masussuka. Duka a cikin mallakar mutum ake yin su. Mallaka ba ta zama lasisin cutarwa ba.

Amanar ilimi ce in gaya muku cewa a kan sauti shi kaɗai malaman Malikiyya na Andalus sun yi saɓani. Sun tattauna kan maƙeri, da mai dutsen niƙa, da masu bugun tufafi irin mabugan da muka sani a Kano. Wasu suka ce ba a hana su, tunda ƙara ba ta rusa katanga, kuma da sana'ar mutum yake ci. Wasu suka ce a hana. Wasu suka tsaya tsakiya: a hana da dare, a ƙyale da rana. To amma ku dubi a kan wa aka yi sassaucin. A kan mai neman abincin iyalinsa ne. Shi ɗin ma wasu sun ce dare ba nasa ba ne. Fim ɗin ƙarfe 1 na dare kuwa, tuwon gidan wa ya rataya a kansa?

Lokacin da muke jami'a na ci karo da wani littafi da ya burge ni, Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan na Ibnur Rami. Shi magini ne a birnin Tunis a ƙarni na 8 bayan Hijira, alƙalai suna tura shi ya duba rigingimun gine-gine. Ya kawo yadda ake gwada ko dutsen niƙa yana cutar da katangar maƙwabci. A samu takarda, a ɗaura zare a kusurwoyinta 4, a rataye ta a rufin da yake kan katangar da ta raba su, ta ɓangaren gidan maƙwabcin. A zuba busassun 'ya'yan kuzbara a kai, ƙanana ne masu saurin gangarawa. Sai a ce wa mai niƙa ya juya dutsensa. In 'ya'yan suka motsa, an tabbatar da cutarwa, sai a ce ya cire. In ba su motsa ba, a ce wa mai ƙorafi ya yi haƙuri.

Abin da nake so ku ɗauka a nan shi ne inda aka rataye takardar. A ɗakin maƙwabci aka rataye ta. Mu kuwa a falonmu muke zama da rimot a hannu mu yanke wa kanmu hukunci: ai ban ƙure ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma akwai dalilin da ya sa kunnenka ba zai zama alƙali a nan ba. Sauti ana auna shi da ma'aunin da ake kira desibel. Raɗa tana kusan 30, hira ta yau da kullum kusan 60. Duk ƙarin 10, kunne yana jin kamar ƙarar ta ninka. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 1999, ta ce don a samu barci mai kyau kada ƙara mai ɗorewa a cikin ɗakin kwana ta wuce 30. Daidai raɗa ke nan. To kai da kake falo, fanka tana juyawa, wataƙila janareta yana ruri a waje, sai ka ƙara murya don ka ji abin da ake faɗa. Bayan rabin awa kunnenka ya saba, sai ka sake ƙarawa. A fim kuma magana ƙasa-ƙasa ake yin ta, waƙa da faɗa su suke tashi sama, kai kuma a kan maganar ka daidaita. Dare ya yi tsit, ƙarar da da rana hayaniyar titi take haɗiye ta, yanzu ita kaɗai ce a unguwar.

Sannan akwai sautin nan mai kauri da ake ji a ƙirji, dum, dum, dum. Siririn sauti katanga tana tare mafi yawansa. Mai kaurin ratsa ta yake yi, in kuma akwatin yana zaune a kan siminti ko ya jingina da bango, girgizar tana bin ginin kanta ta fito a ɗakin wani. Gidajen hayarmu kuwa kun san su: bulo mai rami, a wasu ma katangar tsakani ba ta kai kwano ba, iyakarta silin, sama duk a haɗe yake. Jiki kuma ko mutum bai farka ba yana amsa ƙara, bugun zuciya yana ƙaruwa, barci mai nauyi yana komawa sama-sama. Shi ya sa za ka ga mutum ya kwana amma ya tashi kamar an yi masa duka. Sai ya makara Asuba, ko ɗalibi ya yi gyangyaɗi a aji, ko direba ya rufe ido bayan Zariya.

Kada ku ɗauka daga kan mumbari nake jifa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shekarar da na dawo daga karatu na yi aure, a gidan haya muka fara zama. Ina da al'ada tun ta ɗakin ɗalibai, in na dawo daga Asuba sai in kunna karatun Shaikh Husari, in ɗaga shi, in buɗe taga. A raina albarka nake raba wa gidan gaba ɗaya. Ashe matar maƙwabcina tana da jariri mai kukan dare, ba ya yin barci sai gab da Asuba, wannan ɗan lokacin shi ne kaɗai hutunta. Kusan wata 3 ana haka. Mijin kullum mu gaisa, kullum ya bi ni sallah, bai taɓa cewa uffan ba. Sai da matar ta yi wa maiɗakina zancen a fakaice sannan na sani. Da na same shi na ce, "Haba ɗan uwa, me ya hana ka faɗa mini?" Sai ya ce, "Malam, ta ina zan fara ce wa liman ya rage Alƙur'ani?"

Wallahi wannan kalma har yau tana damuna. Na yi amfani da Littafin Allah na toshe bakin mai haƙƙi ban sani ba. Mai kiɗa aƙalla ana iya fuskantarsa. Mai wa'azi da karatu kuwa, wanda ya yi ƙorafi tsoro yake ji kada a ce ba ya son addini. Ga kuma wani abu: Suratul A'araf aya ta 204 ta yi umarni a saurara a yi shiru in ana karanta Alƙur'ani. Kai da ka tura shi ɗakin mutane, wani yana banɗaki, wani yana tare da iyalinsa, wata tana fama da ciwon kai, wane matsayi ka jefa su? In wani ya ji ƙyamar karatun a ransa saboda yadda ka ɗora masa shi, kana da kaso a ciki.

Mu limamai ma maganar ba ta tsallake mu ba. A 2021 Ma'aikatar Harkokin Musulunci ta Saudiyya ta taƙaita lasifikar waje ga kiran sallah da iƙama, ta ce kada muryar ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Shaikh Ibnu Usaimin tun kafin nan ya yi fatawa da barin fitar da sallah ta lasifikar waje in tana damun mutane. A 2016 gwamnatin Legas ta rufe coci 70 da masallaci 20 saboda ƙara. Kiran sallah alama ce ta addini, a ɗaga shi. Amma tahajjudin awa 2 da ake watsa wa unguwa mai jarirai da marasa lafiya, ni ban san hujjarsa ba. A masallacinmu mun kashe ta waje a tahajjudi, wasu dattawa ba su ji daɗi ba, har yanzu akwai mai tuna mini. Wannan sai wani zaman.

Mu dawo falo. Me ake so ka yi? Abu na farko shi ne gwajin Ibnur Rami. Ka kunna yadda ka saba, ka je ka yi sallama, ka ce wa maƙwabcinka ya ba ka izini ka tsaya a ɗakinsa minti 2. In hakan ba zai yiwu ba, ka ba shi lambarka ka ce, don Allah duk sanda ya yi yawa ka yi mini filashin kawai. Kai za ka fara buɗe ƙofar, saboda yawancin mutanenmu kunya ba za ta bar su su faɗa ba, sai dai su haɗiye, su riƙe ka a zuci. Shirun maƙwabci ba shaida ba ne cewa ya yarda.

Sauran duk ƙananan abubuwa ne. Ɗaga akwatin daga siminti, ka sa masa wani abu mai laushi a ƙasa, ka janye shi daga bangon da kuka haɗa. Ka rage kaurin sautin, ko ka zare akwatin gaba ɗaya da dare, muryar talabijin ta isa. Talabijin da yawa suna da saitin dare wanda yake danne wuraren hayaniya ya fito da magana, ka duba naka. Mai kallo a waya ya sa iyafis, amma shi ma kada ya ƙure, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraro. Wannan ya shafi masu kunna bidiyo a fili a cikin mota, a layin asibiti, har a harabar masallaci.

Game da lokaci, Alƙur'ani ya riga ya nuna mana. Suratun Nur aya ta 58 ta ware lokuta 3 da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga wa manya: kafin sallar Asuba, da tsakar rana lokacin ƙailula, da bayan sallar Isha'i. Ayar a kan neman izini take, amma ta nuna lokutan da mutum yake keɓewa ya huta. In ɗan da mutum ya haifa ba ya faɗo masa ɗaki a waɗannan lokuta, da izinin wa muryar jarumin fim ɗinka take shiga? Na san uzurin, wutar ce sai dare ake kawowa. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce kada ka yi kallo. Cewa aka yi kallon ya tsaya a ɗakinka.

Biki da suna daban ne, abu ne na kwana ɗaya, kuma shari'a tana son a bayyana aure. Nan ana son maƙwabta su yi kawaici. Amma mai bikin ya zagaya ya sanar, ya faɗi lokacin tashi, ya kuma cika. Ba a kawo mai kiɗan DJ a toshe layi har tsakar dare sannan a ce ai farin ciki ne.

Shi kuma wanda ake cuta, wato amsar tambayar Alhaji. Addu'ar wanda aka zalunta babu shamaki tsakaninta da Allah, wannan ya tabbata a wasiyyar Annabi (S.A.W) ga Mu'azu, kuma Suratun Nisa'i aya ta 148 ta ba wanda aka zalunta damar ya faɗi abin da aka yi masa. Amma na ce masa, "Alhaji, yaron nan bai ma san yana yi ba. Bugun katanga ba nasiha ba ne, fushi kawai yake isarwa." Ka je da rana, ba cikin dare kana huci ba. Ka faɗi uzurinka maimakon ka lissafa laifinsa: tsohuwata ba ta da lafiya, ni kuma tuƙi nake yi. Ka nemi abu takamaimai, kamar daga ƙarfe 10 a rage. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In ya ƙi, ka sa liman ko wani dattijo, sannan mai gidan hayar, sannan mai unguwa. Bayan nan akwai hukuma, Najeriya tana da dokokin kayyade ƙara tun 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, kuma kai ƙara a inda ya dace ba rashin haƙuri ba ne. A hadisin Abu Dawuda, mutumin da ya yi ta kawo ƙarar maƙwabcinsa an fara ce masa ya yi haƙuri, daga baya aka ce ya fitar da kayansa kan hanya, mutane suka riƙa tambaya suna la'antar maƙwabcin har ya zo ya ba da haƙuri. Wato haƙuri yana da zango. Abin da bai halatta ba shi ne ka sayo taka sifikar ka juya ta ga bangonsa. Ramuwar cuta ke nan da aka hana, kuma na ukunku da bai ji ba bai gani ba shi zai kwana a tsakiya. Haka nan ɗora sunansa da hotonsa a Facebook.

Ranar Alhamis bayan La'asar, da yake an kawo wuta da rana, muka tafi tare. Na kira yaron waje na ce, "Ƙanena, alfarma nake nema. Ka ce wa amarya ta kunna yadda kuka saba da dare, kai kuma ka biyo ni." Muka shiga falon Alhaji muka gaishe da tsohuwa. Ba mu yi minti ɗaya ba aka shiga waƙa. Akwai wasu kwanukan samira a kan kabad jikin bangon, sai ga murafensu suna kaɗawa, kar-kar-kar. Ban ce komai ba. Yaron ya dubi kwanukan, ya dubi katifar tsohuwa, sai ya durƙusa ya ce, "Wallahi Baba ban san haka yake ba. Hajiya, don girman Allah ki yafe mini."

Tsohuwa ta ce, "Na yafe, ɗan nan, Allah ya yi muku albarka. Amma gaya mini, yaron nan da aka sace shekaranjiya, an gano shi kuwa? Barci ya ɗauke ni kafin ƙarshe."

Dukkanmu sai da muka yi dariya, har Alhaji. Ashe ta saman silin har maganar tana jiyowa.

Aka yi matsaya: ya mayar da talabijin ɗaya bangon, daga ƙarfe 10 akwatin ƙasa a zare yake, muka kuma tsaya muna ragewa har muka samu lambar da ba a ji a falon tsohuwa, ya riƙe ta. Shekaranjiya na tambayi Alhaji, ya ce alhamdulillah, sai dai ran Lahadi da aka buga ƙwallo abokansa sun zo an manta. Ya aika yaro, nan take aka rage.

Da yawanku za su tambayi batun janareta, wanda ake kai shi ƙarƙashin tagar maƙwabci don a nisanta shi da tagar kai. Wannan ya haɗa ƙara da hayaƙin da yake kashe mutane a cikin barci, yana buƙatar zama nasa. In Allah ya kai mu mako mai zuwa shi za mu ɗauka.

Wallahu a'alam.